Yadda ɗalibi zai yi binciken furojet a kan kasuwancin tseren dawaki

In dai kana karatun kasuwanci ne ko tattalin arziki ko akanta, kuma ka ɗauko tseren dawaki a matsayin abin da za ka yi furojet a kai, to tun kafin ka rubuta layi ɗaya ka cire idonka daga kan dokin da ya zo na ɗaya. Wallahi nan ne yawancin ɗalibai suke zamewa, mutum ya cika cafta guda da labarin dokin da ya ci kofi da irin miliyoyin da aka ba shi, ya zaci ya yi bincike a kan kasuwanci alhali labarin wasanni ya rubuta. Aikinka shi ne ka bi sawun kuɗi, daga ina suka shigo, hannun wa suka bi, a ina suka tsaya, kuma ka ƙirga dawakan da suka sha kaye kamar yadda ka ƙirga waɗanda suka ci. Ga yadda zan ba ka shawara ka bi abin.

Mataki na 1: Ka zana hanyar kuɗin a takarda tukuna

Ɗauko farar takarda babba ka zana akwatuna. Masu kiwo, kamfanin gwanjo, mai doki, mai horarwa, mahayi, masu kula da barga, likitan dabbobi, filin sukuwa, kamfanonin caca, gidajen talabijin, masu ɗaukar nauyi, gwamnati. Sai ka riƙa jan kibiya daga mai biya zuwa mai karɓa. Za ka ga wani abu da kanka, kibiyoyi da yawa daga akwatin mai doki suke fita, ɗaya ko biyu ne kawai suke dawo masa.

Kuma a nan ne za ka gane cewa kowace ƙasa da irin tata hanyar, kada ka cakuɗa su. A Ingila kamfanonin caca masu zaman kansu ne suke karɓar kuɗin 'yan caca, sai wata hukuma da aka kafa a 1961 mai suna Horserace Betting Levy Board ta karɓi wani kaso ta mayar wa harkar tseren, kuma tun 2017 kason ya zama kashi 10 cikin ɗari na ribar da kamfani ya samu a kan tseren ƙasar bayan an cire fam 500,000 na farko. A Faransa kuwa kuɗin ana zuba su ne a tukunya ɗaya ta hannun PMU, kamfanin da ke karɓar cacar tseren dawaki a ƙasar, a cire kaso a raba saura ga waɗanda suka ci. Japan tana da JRA, hukumar tseren dawakinta, tun 1954, wadda take miƙa kashi 10 cikin ɗari na duk kuɗin da aka zuba ga baitulmalin gwamnati. Hong Kong Jockey Club, mai gudanar da tsere da cacarsa a Hong Kong, an kafa ta a 1884, ba ta da masu hannun jari da za a raba musu riba, haraji take biya mai yawan gaske sauran kuma ta zuba a ayyukan jin ƙai. Sannan ga Dubai da Saudiyya inda ba a buɗe tagar caca a filin ba kwata-kwata, amma gasar tseren Dubai World Cup da aka fara a 1996 tana ba da dala miliyan 12, Saudi Cup da aka fara a 2020 tana ba da dala miliyan 20, to a nan tambayar ita ce wa yake zuba kuɗin kuma me yake nema da su, suna ne ko masu yawon buɗe ido ko me.

Wata magana a gefe, ba sai ka yi caca ba kafin ka fahimci lissafinta, kamar yadda mai binciken cutar taba ba sai ya zuƙa ba. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ka gwada sau ɗaya don ka gane, duk abin da kake buƙata yana cikin rahotanni.

Mataki na 2: Ka matse tambayarka har ta zama guda ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa. "Kasuwancin tseren dawaki a duniya" ba tambaya ba ce, kogi ne za ka nutse a ciki. Ka koma kan zanen nan naka ka zaɓi kibiya ɗaya tak. Misali, shin dukushin da aka saya da tsada a gwanjo ya fi mayar da kuɗinsa fiye da na araha? Ko kuma, daga cikin kuɗin da filin sukuwa kaza yake samu nawa ne na tikiti nawa ne na haƙƙin nuna tsere a talabijin? Ko me ya sa ake rufe filaye ana mayar da su gidaje? Kowace tambaya ka sa mata ƙasa ɗaya da iyakar shekaru, kamar biyar ko goma.

Kafin ka kai wa sufabaiza, ka ba kanka kwana biyu ka duba ko akwai alƙaluman da za su amsa tambayar a fili kuma kyauta. In babu, canza tun yanzu. Ya fi maka sauƙi a makon farko fiye da wata uku kafin difens.

Ni in za a tambaye ni, ta gwanjo ta fi dacewa da ɗalibin digirin farko, don farashin a bayyane yake kuma sakamakon tseren ma a bayyane yake, shi ya sa zan fi daɗewa a kanta.

Mataki na 3: Ka koyi yaren 'yan harkar da kalandarsu

Dokin da ake wannan tsere da shi jinsin Thoroughbred ne, kuma duk asalinsu ta wajen uba yana komawa ga ingarmu uku, Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Littafin asalinsu na Ingila James Weatherby ne ya fara fitar da shi a 1791. Abin da ya shafe ka a nan a matsayinka na mai nazarin kasuwa shi ne dokar barbara, ba a yi wa wannan jinsi rajista sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, ba a yarda da na allura ba, wannan doka ita take taƙaita yawan 'ya'yan da ingarma ɗaya zai iya samarwa kuma tana cikin abin da ke riƙe farashin barbara a sama.

Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan wata 11. A arewacin duniya duk doki ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu ko yaushe aka haife shi, a Ostireliya kuma 1 ga Agusta. To ka ga dukushin da aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Mayu sa'anni ne a takarda amma ɗaya ya girme ɗaya da wata uku, kuma mai saye yana kallon wannan. Ka sa watan haihuwa cikin abin da za ka tattara.

Yanzu dubi Frankel, wani shahararren dokin tsere na Ingila. Ya yi tsere 14 bai taɓa shan kaye ba, duk abin da ya ci a fili bai cika fam miliyan 3 ba. Ya yi ritaya a 2012, ya fara barbara a 2013 a kan fam 125,000, zuwa 2024 kuɗin ya kai fam 350,000 duk goɗiya ɗaya. Yi lissafi da kanka, goɗiya tara kacal sun wuce duk abin da ya tara da gudu, kuma ingarma irinsa ana kawo masa goɗiyoyi sama da ɗari a shekara. Wato ga manyan dawaki filin sukuwa kamar wajen talla ne, ainihin cinikin yana barga. Sai dai kada ka ninka 350,000 da yawan goɗiyoyi ka rubuta cewa ga abin da aka samu, don wasu goɗiyoyin na mai ingarman ne da kansa, wasu an yi musu ragi, kuma yawanci ba a biya sai ciki ya tabbata ko an haifi dukushi da rai. Farashin da aka wallafa daban, abin da ya shiga asusu daban.

Mataki na 4: Inda za ka samo alƙaluma

Na gwanjo suna shafukan kamfanonin da kansu, Tattersalls da ke Newmarket a Ingila wanda yake aiki tun 1766, da Keeneland da Fasig-Tipton a Amurka, da Goffs a Ireland, da Arqana a Faransa. Suna saka kundin dawakan da za a sayar da kuma sakamakon ciniki doki bayan doki. Sakamakon tsere na Amurka yana shafin Equibase, na Ingila da Ireland ka duba jaridar Racing Post. In kana son kwatanta ƙasashe akwai rahoton shekara na IFHA, wato tarayyar hukumomin tseren dawaki ta duniya. In kuma filin sukuwa kake nazari, Churchill Downs mai shirya Kentucky Derby, shahararren tseren Amurka, kamfani ne da ke kasuwar hannun jari, dole yake fitar da rahoton kuɗinsa duk shekara kowa ya gani, kuma in ka karanta za ka sha mamakin yadda gidajen caca da na'urorin caca suka cinye babban kaso na kuɗin shigarsa. Hong Kong Jockey Club da hukumar harajin caca ta Ingila su ma suna fitar da nasu.

Akwai kuma jami'o'in da suke koyar da wannan harka takanas, Jami'ar Arizona tana da shirin nazarin filayen sukuwa, Jami'ar Louisville tana da na kasuwancin dawaki a tsangayarta ta kasuwanci. Ka nemi ayyukan da ɗalibai da malamansu suka yi don ka ga yadda suka tsara hanya, ba don ka kwafa ba.

Amma fa ka kula da rahoton da ƙungiyar 'yan harkar ta biya aka rubuta mata, irin wanda zai ce tseren dawaki yana samar da ayyuka kaza da biliyan kaza. Ba ƙarya ba ce lallai, sai dai an rubuta shi ne don a shawo kan gwamnati, ka buɗe shafin da suka bayyana yadda suka yi ƙirga ka ga ko sun haɗa da mai otal da mai tasi, sannan ka faɗi haka a aikinka.

Mataki na 5: Ka gina teburinka da hannunka

Nan ne aikin yake. Ka zaɓi gwanjo ɗaya na dukushi 'yan shekara ɗaya, misali na watan Satumba a Keeneland, amma wanda aka yi shekara biyar ko shida da suka wuce, don dawakan su sami lokacin yin tsere. Na bara ba zai yi maka amfani ba, ko fili wasu ba su taka ba.

In ka buɗe kundin za ka ga kowane doki da shafinsa. A sama akwai lamba, ita ce ake liƙa masa a ƙugu ranar gwanjo, sai launinsa da ranar haihuwa, sai uba da uwa da kakanni, a ƙasa kuma jerin 'ya'yan da uwar da kakar suka haifa, wasu sunayen an buga su da baƙin rubutu mai kauri, alamar sun taka rawa a manyan tsere, kuma yawan wannan baƙin rubutu a shafi yana ɗaga farashi tun kafin a fito da dokin. Abin da zai ba ka wahala shi ne yawancinsu ba a raɗa musu suna ba tukuna a lokacin, to da sunan uwa da shekarar haihuwa za ka gano sunan da aka sa masa daga baya, sannan ka nemo tarihin tserensa.

Dawakan dubbai ne ba za ka iya bin duka ba, saboda haka ka ɗauki samfuri amma ba da son rai ba. Ka ce duk lamba ta goma zan ɗauka, 10, 20, 30, har ƙarshen kundin, ko wane doki ya faɗo shi ne. Kada ka tsaya a ranakun farko don nan ake zuba masu tsada. A Excel ka buɗe layuka kamar haka: lamba, uba, kuɗin barbarar uban a shekarar da aka yi cikin, uwa, namiji ko mace, watan haihuwa, farashi, an sayar ko mai shi ya mayar da abinsa, tsere nawa ya yi, sau nawa ya ci, jimlar kuɗin da ya samu.

Wanda bai taɓa fita tsere ba ka rubuta masa sifili, don Allah kada ka goge shi. Na san zuciya za ta ce wannan layin fanko ne yana ɓata tebur, to shi ne ma ya fi kowane layi magana. Wani ya biya kuɗi ya ciyar da shi shekara biyu ko uku bai ga ko kwabo ba, in ka cire irinsu lissafinka zai nuna riba inda babu ita. Snaafi Dancer an saye shi dala miliyan 10.2 a Keeneland a 1983 bai taɓa yin tsere ba. The Green Monkey an saye shi dala miliyan 16 a 2006, ya fita sau uku bai ci ko ɗaya ba. Shi kuwa Seattle Slew dala 17,500 aka ba da a kansa a 1975, a 1977 ya lashe manyan tsere uku na Amurka gaba ɗaya. Sayen dukushi cinikin biri a sama ne, amma waɗannan ukun labari ne na buɗe gabatarwa, ba su ne hujja ba, hujjarka ita ce layuka ɗari biyu ko uku na dawakan da ba wanda ya san sunansu.

Haka waɗanda farashi bai kai abin da mai su ya gindaya ba ya mayar da su gida, ka ware su daban, don lambar da ke gefensu tayi ne na ƙarshe ba ciniki ba.

Mataki na 6: Tarkunan lissafi

Na farko shi ne matsakaici. A ce dukushi biyar aka sayar, misali ne kawai nake bayarwa, dala 10,000 da 12,000 da 15,000 da 18,000 sai ɗaya miliyan 1. In ka tara ka raba biyar za ka sami 211,000, wanda babu ko ɗaya cikin huɗun da ya kusance shi. Amma in ka jera su ka ɗauki na tsakiya, 15,000 ne, shi ne gaskiyar abin da mai kiwo na gama-gari yake gani. Ka riƙa kawo duka biyun, kuma ka fi jingina da na tsakiya.

Na biyu kuɗin ƙasa. Tattersalls har yau da gini suke ciniki, wato guinea, tsohon kuɗin Ingila, gini ɗaya fam 1.05 ne, in ka ɗauke shi a matsayin fam ka yi kuskuren kashi 5 cikin ɗari a kowane layi. In kana haɗa shekaru masu nisa ka gyara da hauhawar farashi, dalar 1975 ba ita ce ta yau ba.

Na uku, kuɗin da aka ce doki ya ci ba shi ne ya shiga aljihun mai doki ba. A Amurka yawanci na ɗaya yana ɗaukar kusan kashi 60 na kyautar tseren, daga ciki mahayi ya ɗauki kashi 10 mai horarwa ya ɗauki 10, ban da kuɗin horo na kullum da likita da takalmin kofato da jigila da inshora da kuɗin shiga tsere, waɗanda ko doki ya gudu ko yana kwance da ciwon ƙafa sai an biya. Ka nemo ƙiyasin kuɗin riƙe doki na shekara daga ƙungiyar masu dawaki ta ƙasar da ka zaɓa, ka cire shi, kuma ka faɗi daga inda ka samo.

Na huɗu, a wajen caca jimlar kuɗin da aka zuba daban, abin da kamfani ya riƙe daban. Mafi yawa yana komawa ga 'yan cacar da suka ci, su kuma su sake zubawa. Na sha ganin an kwatanta jimlar wata ƙasa da ribar wata a tebur ɗaya, shikenan cafta ta lalace.

Mataki na 7: Ka yi magana da mutane

Alƙaluma ba za su gaya maka dalilin da ya sa mutum yake ci gaba da sayen doki yana asara ba. Ka nemi mutum shida zuwa goma, mai doki, mai horarwa, mai kiwo, mahayi, da mai kula da barga musamman, don shi ba a cika tambayarsa ba alhali shi yake tashi tun duhun asuba. Ka karɓi izinin makaranta, ka gaya musu ba za ka ambaci suna ba, kuma ka cika alkawarin. Kada ka buɗe da nawa kake samu, ba wanda zai faɗa maka. Ka ce me ya ci maka kuɗi a watan jiya wanda ba ka zata ba, ko yaushe ka taɓa yanke shawarar sayar da doki kuma me ya sa. In ba ka kusa da fili, kiran bidiyo ya wadatar, amma ka guji safiya, lokacin horo ne.

Ka tambaye su kuma ina dokin yake zuwa in ya daina gudu. Doki yana iya barin tsere yana shekara biyar ko shida kuma ya rayu sama da ashirin, wa zai ciyar da shi? A Ingila akwai Retraining of Racehorses, a Amurka akwai Thoroughbred Aftercare Alliance, ƙungiyoyin da ke tallafa wa dawakan da suka yi ritaya, amma wannan kuɗi ne da sau da yawa ba ya fitowa a lissafin kowa, kuma ni a ganina furojet ɗin da ya tsallake shi bai cika ba.

Mataki na 8: Ka sa sakamakonka cikin halin da harkar take

Ko da gwanjo kake nazari, mai karatu yana buƙatar sanin ko kasuwar tana girma ko tana tsukewa. A Arewacin Amurka dukushin da aka yi wa rajista a 1986 sun haura 51,000, yanzu ba sa kai 20,000 a shekara. A Amurka an rufe filin sukuwa na Hollywood Park a 2013, na Arlington Park a 2021, Singafo ta yi tserenta na ƙarshe a Oktoban 2024 bayan sama da shekara 180 don gwamnati za ta yi gidaje a filin sukuwarta na Kranji. Ruwa ba ya tsami banza, filin sukuwa yana cin ƙasa mai faɗi a kusa da birni, ranar da darajar ƙasar ta wuce abin da tseren yake kawowa sai ka ga an fara maganar sayarwa. Sakin layi biyu ko uku sun isa a nan, kada ya janye ka daga tambayarka.

Mataki na 9: Rubutu da difens

Ka fara rubuta caftar hanyar bincike tun kana tattara bayanai, ranar da ka sauke kowane fayil da inda ka samo shi da dalilin da ya sa ka cire wani layi, don bayan wata biyu ba za ka tuna ba. Ka ajiye teburin asali a gefe ba ka taɓa shi, kwafi kake aiki a kai. In sakamako ya nuna masu tsada sun fi cin tsere amma ba su mayar da kuɗinsu ba, ka rubuta duka biyun, in kuma ya saɓa da abin da ka zata to haka za ka rubuta.

Akwai gibin da dole ka faɗa da bakinka kafin a tambaye ka, teburinka ya ƙirga kuɗin tsere ne kawai, bai ƙirga darajar goɗiyar da ta koma kiwo ko dokin da aka sayar a asirce ba, kuma waɗannan cinikin ba a cika bayyana farashinsu ba. Ranar difens ka shiga da zanen kibiyoyin nan na matakin farko a shafi ɗaya ka ja jan layi a kan kibiyar da ka bincika, sannan ka riƙe teburinka a buɗe a kwamfuta, don akwai malamin da zai ce nuna min doki mai lamba 340, nawa aka saye shi kuma nawa ya dawo da shi.